Injin Kawu Ticha da Juyin da Ban Yi Ba

Hauwa, ke ce kika tambaye ni ranar bikin ƙanwarki me ya sa 'ya'yan Kawunku Ticha suke gaishe ni a tsaye, daga nesa, kamar waɗanda suka haɗu da baƙo a tasha. Na ce miki zan ba ki amsa, sai na shiga wata magana. Shekara biyu ke nan amsar tana zaune a ƙirjina. Na san abin da kuka taso kuna ji: wai babanku ya tozarta yayan matarsa a gaban jama'a. Wasu ma sun ce hassada ce, don shi ya yi karatu mai zurfi, ni kuwa a aji shida na firamare na tsaya. Zan rubuta yadda abin ya faru, ke da ƙannenki ku karanta. Ba wanke kaina zan yi ba. Ina da laifi, sai dai ba shi ne laifin da ake faɗa ba.

Kun san sana'ata, gyaran sikeli, amma ba ku san cikinta ba, don babu wanda ya gaje ta a cikinku. Na koye ta a hannun wani tsoho, Baba Ɗan'azumi, a bayan kasuwar Lafia inda masu riɗi da agushi da shinkafa suke awo. Abu na farko da ya koya mini, tun kafin ya bar ni in taɓa sukurdireba, shi ne juyi. Idan ka gyara sikeli mai faranti biyu, sai ka sa kaya a hagu, duwatsun awo a dama, ka duba allura. Daga nan ka sauke komai, ka mai da kayan dama, duwatsun hagu, ka sake dubawa. Sai awon biyu sun yarda da juna sannan za ka ɗora hannu a kan sandar sikelin ka ce wa mai shi, “Daidai ne.” Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan kalma daga bakin mai gyara ya san an yi juyi, ba ya sake tambaya. Abu na biyu da ya koya mini shi ne, allura ba ta motsi haka kawai. In ka ga ta motsa, wani abu ne daga waje ya taɓa ta: ko ƙafar mai awo a ƙarƙashin faranti, ko babban yatsa, ko iska ta taga, ko maganaɗisu da wani azzalumi ya manna a ɓoye. Ni kuma Allah ya yi ni mutum mai yawan zullumi. Kun sha yi mini dariya ina komawa sau uku in ja kwaɗon shago. Akwai ranar da na hau babur har Azuba da azahar, don zuciyata ta ce na bar noti ɗaya a kwance a sikelin wata mai sayar da agushi. Na same shi a ɗaure tamau, matar ta yi ta kallona kamar mai taɓin hankali.

Kawunku Ayuba, wanda kowa yake kira Ticha, shi ne babba a ɗakinsu mahaifiyarku Asabe, Allah ya jiƙanta. Lokacin da na nemi aurenta danginsu na wajen Ashige sun ƙi, don su Kirista ne ni Musulmi. Ticha ne ya tashi a taron dangi ya ce ya yi bincike a kasuwa, an gaya masa mutumin nan ko ƙwayar riɗi ba ya ci ta wani, don haka shi ya ba ni ƙanwarsa. Ku riƙe wannan a ranku, don shi ne ya ɗaure mini baki daga baya. Yana koyar da fiziks a wata sakandare can wajen Ashige. Ya fi shekara ashirin yana zana kayan gwaji da alli a jikin allo, saboda ɗakin gwajin makarantar babu komai a ciki sai jemagu. Ya taɓa ce mini yana jin kansa kamar mai koyar da girki wanda bai taɓa hura wuta ba.

A shekarar 2007 ne, bayan an gama girbin riɗi, ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar shagona da wasu takardu da ya bugo daga shagon intanet, a naɗe cikin leda.

“Suruki, rufe shago. Yau zan nuna maka abin da zai kai ɗan'adam wata duniya ba tare da ɗigon mai ba.”

“Yaya, babur ɗinka ma bai kawo ka nan ba sai da fetur.”

Ya yi dariya, ya ja benci ya zauna, ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce in ɗauka mutum yana cikin kwalekwale a tsakiyar kogi, babu filafili, babu gora, sai tulin duwatsu. In ya ɗauki dutse ya jefa baya da ƙarfi, kwalekwalen zai ɗan matsa gaba. Haka kumbo yake tafiya a sama inda babu ƙasa da zai taka, babu iska da zai tura: yana ƙona mai yana fesar da wutar baya, shi kuma yana yin gaba. Damuwar ita ce ranar da duwatsu suka ƙare tafiya ta ƙare, kuma yawancin nauyin kumbon duwatsun ne. To, wai wani injiniya a Ingila ya ce ya sami hanya. Ya ƙera akwatin jan ƙarfe mai kama da mazurari, gefe ɗaya faɗi, gefe ɗaya tsukakke, duka bakin biyu a rufe. Sai ya sako a ciki irin igiyar zafin nan da ke cikin akwatin ɗumama abinci na Turawa. Igiyar tana bugun wannan bango ta koma wancan, ba adadi, wai kuma bugun da take yi wa gefe ɗaya ya fi na ɗayan, don haka akwatin yake matsawa ta wajen tsukakken bakin. Ba ya fesar da komai. Wutar lantarki kawai yake ci, ita kuwa rana tana ba da ita kyauta a can sama.

Na ce, “Yaya, ban yi karatu ba, amma in mutum ya hau babban sikelin buhu ya kama ɗamararsa ya ja sama da duk ƙarfinsa, allura ba ta raguwa. Na ga 'yan dako suna gwadawa don wasa.”

“Abin da manyan malaman suke cewa ke nan, sai dai su da lissafi suke faɗa. Wai duk turi sai da abin da aka tura baya. Ni nake koyar da dokar nan kowace shekara, Suruki, na san ta kamar sunana.”

“Kuma in ka zuba riɗi a mazurari, ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, har bangon gefe. Igiyar taka ba ta bugun gefen?”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Kai, da ka je jami'a da mun shiga uku. Nan ne daidai inda ake faɗan. Su suna cewa in an haɗa bugun gefen, komai ya cinye juna, saura sifiri. Injiniyan yana cewa a'a. To maimakon mu yi ta gardama, mu ƙera mu auna. Ni zan yi injin, kai ka yi sikelin. Sau ɗaya dai a rayuwata in taɓa abu da hannuna.”

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na yarda. Mun yi wata huɗu a kan aikin, kowace Asabar, a ɗakin ajiyar gidansa na Azuba. Wani mai walda ya naɗe masa jan ƙarfen, shi kuma ya ciro zuciyar wani akwatin ɗumama abinci na gwanjo ya haɗa. Da ya gaya mini igiyar in ta fito tana iya dafa idon mutum ba tare da ya ji ba, sai da na kwana uku ina addu'a, na kuma dage cewa daga waje za mu tsaya, mu riƙa leƙen allura ta taga. Ni kuma na ƙera sikelin da ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Sandarsa ta kai tsawon mutum, na wasa wuƙar tsakiyarsa da hannuna, na rataya wayoyin wuta sakwa-sakwa don kada su ja. Duk da nauyin injin a kansa, in ka ajiye ƙwayar gyaɗa ɗaya a faranti, allura tana gusawa faɗin farce. Na yi layi-layi a jikin katako, kowane layi gyaɗa ɗaya. Matarsa, Maman Bitrus, tana cewa mun zama yara, gemu fari ana wasa da gwangwani. Amma ita ce take kawo mana kunun zaƙi.

Ranar gwaji ta zo, wata Asabar da hantsi. Muka kafa injin, tsukakken bakin yana kallon sama. In maganar injiniyan gaskiya ce, injin zai tura kansa sama, sai ya yi sauƙi a kan sikeli, allura ta hau. Aka tayar da janareta. Ticha ya danna makunni. Da farko babu komai. Can sai allura ta fara rarrafe. Layi ɗaya. Layi biyu. Ta tsaya a na uku. Kawunku, mutumin da ya haura hamsin, ya durƙusa a kan ƙasa yana kiran sunan Yesu, hawaye na bin gemunsa. Ya kashe wuta ya ruga cikin gida yana ƙwala wa matarsa kira. Ni kaɗai na rage a bakin taga, kuma ni kaɗai na ga abin da ya biyo baya. An kashe wuta, amma allura ba ta dawo ba. Ta zauna a layi na uku, sannan ta fara saukowa a hankali, kamar tsohuwa tana sauka daga bayan a-kori-kura. In mutum ya ɗage yatsa daga faranti, nan take allura take komawa. Wannan ba saukar turi ba ce.

Ya dawo da Maman Bitrus tana goge hannu a zani. Ya kama kafaɗuna biyu.

“Suruki, faɗa mata da bakinka. Sikelinka daidai ne?”

Na ce, “Daidai ne.”

Ga laifina, ku dube shi da kyau. Sikelin kam lafiyarsa ƙalau, amma ni na san ma'anar kalmar a bakina, shi ma ya sani. Ban yi juyi ba. Juyin wannan aiki shi ne a kwance injin a kifa shi, tsukakken bakin ya kalli ƙasa. In turin gaske ne, sai injin ya ƙara nauyi, allura ta sauka layi uku. Aikin fiye da awa ɗaya ne, ga rana ta take, ga an riga an kirɓa sakwara, ga fuskar mutumin da ya ba ni aure tana haske irin wanda ban taɓa gani ba. Na ce a raina gobe ma rana ce. Na zauna na ci sakwarar da miyar agushi.

Ranar Litinin a shago na tuna wani abu. Baba Ɗan'azumi ba ya taɓa auna abin da aka liƙa da dalma sai ya huce, ban kuwa taɓa tambayarsa dalili ba. Na sami garwar kananzir wadda babu komai a ciki, na wanke ta, na daidaita ta a sikeli da duwatsu. Na kai ta kan garwashin mai shayi na maƙwabta ta yi zafi, na dawo da ita da sauri. Garwar ta yi sauƙi. Sai da na ɗora mata gyaɗa huɗu kafin allura ta koma tsakiya. Tana hucewa, nauyinta yana dawowa a hankali, irin saukar tsohuwar nan. Sau biyar na maimaita. Iskar ciki ce: in ta ji zafi sai ta kumbura, wata ta fice ta kowace 'yar kafa, abin ya rage nauyi. Injin Ticha kuwa in ya yi minti ɗaya a kunne ba ka iya taɓa shi da hannu, kuma na san inda mai walda ya bar 'yar kafa wajen shigar waya.

A cikin satin nan labari ya zo cewa Ticha ya sa ranar nuni a makarantarsu, sati uku masu zuwa, ya gayyaci mutane har da wani malami daga kwaleji. Ku 'ya'yan yanzu za ku ce me ya hana ni hawa babur in je in faɗa masa. Ba haka muka taso ba. Mutum ba ya duban idon yayan matarsa ya ce masa ka yi kuskure, balle wanda ya tsaya masa a gaban dangi, balle a fagen da shi ne malami kai kuwa ɗan aji shida. Irin wannan magana aike ake yi da ita, ta bi ta hannun mata, ta isa a sanyaye, kowa ya tsira da mutuncinsa. Sai na zaunar da mahaifiyarku bayan la'asar na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce ta gaya wa Maman Bitrus ta gaya wa Yaya cewa zafi ne yake motsa allura ba injin ba, a dakatar da taron sai an yi juyi.

Ta ce, “Baban Hauwa, ka taɓa ganin Yaya yana dariya haka tun rasuwar Babanmu? Gyaɗa uku ce fa.”

“Gyaɗa ukun ce za a tara mata jama'a, Asabe.”

“To in kai ne ka yi kuskure fa? Garwa daban, inji daban.”

Wannan ya soke ni, don ni ma abin da nake tsoro ke nan. Amma ta je. Daga baya ta gaya mini da kanta cewa da ta ga Maman Bitrus tana guge sabuwar rigar da aka ɗinka wa Ticha don ranar, sai bakinta ya yi nauyi, ta ce mata wai Baban Hauwa ya ce zafin injin nan yana damunsa, a sake dubawa. Maman Bitrus kuma ta ce wa mijinta wai surukinka ya ce abin yana zafi, a yi hankali. Ban taɓa riƙe ko ɗayansu a zuciya ba. Kowacce ta rage wa maganar kaifi ne saboda ƙauna, kamar yadda ni ma na yi tun farko.

Bayan kwana biyu sai ga Ticha a shagona da fanka sabuwa ɗaure a bayan babur.

“Saƙonka ya iso, Suruki. Kai kullum cikin tsoro, kamar kaza ta ga inuwa. Ga fanka na saya, ba zai ƙona kowa ba.”

Ga dama Allah ya kawo mini har ƙofa. Amma akwai mata biyu a zaune suna jiran sikelinsu, suna kallonmu. Abin da kawai na iya cewa shi ne kada ya kunna fanka kusa da allura. Sau uku na nufi Azuba bayan wannan. Na farko na juyo daga mararraba. Na biyu na tarar da fastonsu yana sa wa aikin albarka, aka ba ni abinci na ci. Na uku ya nuna mini takardar gayyata da aka buga, ga sunana a ƙasa: Musa Mai Sikeli, shaidar awo. Ya ce shi ba kowa ba ne, amma maganata ko alƙali ba zai ja da ita ba. Nan ma aka kawo abinci. Na rame a satin nan uku har mahaifiyarku ta ce ko zazzaɓi ne.

Ranar nuni ɗakin taron makarantar ya cika. Ɗalibai, shugaban makaranta, wakilin mai unguwa, fasto da liman a benci ɗaya, ga malamin kwalejin da littafi a cinya. A baya kuma ga 'yan kasuwarmu masu riɗi, sun ɗauko mota guda sun zo don sun ji sunana a ciki. Aka matsar da kowa nesa, aka kunna. Allura ta hau layi uku. Ɗaki ya ɗauki tafi, mata suna guɗa. Ticha ya ɗaga hannu aka yi shiru.

“Kada ku yarda da ni, ni mai son abin ne. Ga mutumin da duk kasuwar Lafia ta san ba ya ƙarya a kan awo. Suruki, tashi ka faɗa musu.”

Na tashi. Na dubi masu riɗin nan waɗanda suke ciyar da iyalinsu a kan kalmata. Na dubi ɗaliban da suka buɗe littafi za su rubuta.

Na ce, “Sikelin lafiyarsa ƙalau. Amma ban yi juyi ba.”

Masu riɗi ne suka fara gunaguni, don su kaɗai suka gane. Malamin kwalejin ya tambaya mene ne juyi, na yi masa bayani ina in'ina, ya gyaɗa kai ya ce ai wannan shi ne ainihin gwajin, dama tambayar da yake shirin yi ke nan. Ticha ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya cire sabuwar rigarsa ya rataye a kujera, ya ɗauki sifana.

“A juya shi.”

Da hannunsa ya kwance notocin, ni ina riƙe masa. Mun fi awa ɗaya, babu wanda ya fita. Muka kifa injin, na sake daidaita allura a tsakiya, muka ja da baya. Ya juya ga ɗalibai ya ce in turi ne, yanzu allura za ta sauka. Ya danna makunni. Wallahi, 'ya'yana, a lokacin addu'a nake yi Allah ya kunyata ni, allurar ta sauka. Ta hau. Layi ɗaya, biyu, uku, daidai inda ta tsaya ɗazu.

Wani ya fashe da dariya daga baya, wasu suka kama. Abin da Kawunku ya yi bayan nan shi ne abin da masu ba ku labari suke mantawa. Ya je gaban allo ya ɗauki alli, ya tambaye ni a gaban kowa me nake zato ya ɗaga allurar. Na ba da labarin garwa. Ya zana garwar, ya zana iskar tana fita, ya ce wa ɗalibai, “Ku rubuta. Yau kun ga yadda ake gane ƙarya da gaskiya a gwaji.” Ya yi darasi na minti goma, ya sallami jama'a da godiya.

A waje, gindin mangwaro inda ya ajiye babur, na same shi. Bai ɗaga murya ba.

“Tun yaushe ka sani?”

“Sati uku, Yaya. Na aiko…”

“Sati uku. Sau biyu ka ci abinci a gidana cikin satin nan uku. Da a ɗakin ajiya ka faɗa mini, da ni da kai ne kawai, Musa.”

Tun da ya ba ni aure bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Ɗalibai suka sa masa suna Gyaɗa Uku, har a kan hanya ana jefa masa. Kafin ƙarshen shekara ya ajiye aiki, lokacinsa bai ma yi ba. Kusan shekara uku bai taka gidanmu na Bukan Sidi ba. Kuna iya tunawa da Kirsimeti mahaifiyarku kaɗai take kai ku, da Babbar Sallah kuma in na aika nama a karɓa, ba a mayar, amma ba saƙo. Dangi suka ce na jira sai da jama'a suka taru don in nuna ɗan aji shida ya fi malami. Ban musa ba, don ta waje haka abin yake kama.

A 2010, wata Talata da safe, na ji tsayuwar babur da na san ƙararsa. Ga shi da mazurarin jan ƙarfen a ɗaure a baya. Ya tsufa ƙwarai. Ya ce ya toshe kowace kafa da dalma, ya naɗe injin da bargo don kada zafi ya taɓa iskar waje.

“Suruki, ka auna mini. Sau biyu.”

Kwana biyu muka yi a ɗakin bayan shago. Bakin sama, bakin ƙasa, muka sake, muka sake. Allura takan ɗan yi makyarkyata, amma ba ta je inda zan iya rantsuwa a kai ba. Wannan karon da bakina na faɗa masa, ina kallon idonsa. Ya gyaɗa kai, ya ce in rubuta masa a takarda in sa hannu. Na rubuta: An auna, an juya, bai motsa ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

“A ƙasa ne bai motsa ba,” in ji shi. “A sama babu iskar da za ta ruɗe mu. Wata rana wani zai kai shi can, a huta da gardama.”

“Ni dai, Yaya, iyakar sanina farantin sikeli.”

“Ya ishe ka. Aika a sayo mana kunu.”

Har yau ban san ko injiniyan nan yana da gaskiya ba, ko da yake zuciyata tana tare da 'yan dakon da suke jan ɗamara. Abin da na sani shi ne Kawunku bai taɓa neman a yi masa ƙarya ba. Ya bar mazurarin a shagona, shi ne wanda kuke gani a kan kanta, kada wanda ya sayar wa masu gwangwan bayan raina. Bai daɗe ba ya rasu, kafin ya gaya wa 'ya'yansa mun shirya. Bitrus ya tsinci takardar nan a cikin Littafi Mai Tsarki na babansa, da rubutun hannuna, ya ɗauka na bi tsohon ne har gida da izgili. Wannan ne ya sa suke gaishe ni a tsaye.

Da na fara rubutun nan, Hauwa, niyyata in na gama in ba ki, ki ba matar Bitrus tun da ƙawarki ce, ita kuma ta san yadda za ta shigar masa da maganar a hankali. Sai da na kawo nan na ga abin da nake shirin sake yi. Kada ki kai wa kowa. Ki dai samo mini mai keke-napep ranar Asabar da hantsi, ki gaya masa Azuba za mu, wurin Bitrus, kuma ko na ce ya juya a mararraba, kada ya saurare ni.